Sea Hunter: Jirgin yaƙin da ke farautar jiragen ƙarƙashin teku ba tare da matuƙi ba

Babu abin da ke tayar wa rundunonin sojan ruwa hankali kamar jirgin yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin teku, musamman irin wanda ke amfani da man dizal da batir. Da zarar ya kashe injinsa ya koma kan batir, sai ya yi tsit, ya zama da wuyar ganowa, kuma shi kaɗai zai iya nutsar da jirgin da ya ninka shi tsada.

Domin magance wannan barazana ne hukumar DARPA, wadda ke binciken sabbin fasahohi a ma'aikatar tsaron Amurka, ta sa kamfanin Leidos ya samar da Sea Hunter. An ƙaddamar da shi a watan Afrilun 2016 a birnin Portland. Tsawonsa mita 40 ne, yana da siririn jiki da ƙananan kwale-kwale biyu a gefe da ke hana shi kifewa, kuma yana gudun kusan kilomita 50 a awa.

An tsara shi ne ya gano jirgin abokan gaba da na'urar sona, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amonsa, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Idan ya gano shi, sai ya yi ta bin sa har tsawon makonni. Kwamfuta ce ke tuƙa shi, tana dogaro da na'urar rada da kyamarori don kauce wa karo, yayin da jami'ai ke sa ido daga nesa. A gwaji ya tashi daga San Diego zuwa Hawai, tafiyar kusan kilomita 4,000, ya kuma dawo.

Babban sirrinsa shi ne araha. An ƙera shi a kan kimanin dala miliyan 20, kuma a shekarar 2016 an ƙiyasta cewa aikinsa na yini guda ba zai wuce dala dubu 20 ba, alhali a lokacin babban jirgin yaƙi mai ɗaruruwan sojoji kan ci kusan dala dubu 700 a yini.

An ƙaddamar da Sea Hunter ba tare da makami ba. Muhawarar da ta rage ita ce: ranar da aka ɗora wa irinsa makami, wa zai ba da umarnin harbi, mutum ko kwamfuta?