Ko Kun Sani?

Lambobin 32/36 da ke jikin kafireton Weber, wanda ake yawan ɗaura wa tsofaffin motocin shiga daji irin su Toyota Hilux, faɗin maƙogwaronsa biyu ne a milimita. Ƙaramin ne ke aiki kullum. Babban ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. Injin fetur yana son kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo na mai. A kan tsauni iska takan yi ƙaranci, mai ya yi yawa, shi ya sa bakanike ke sa ƙananan ramukan feshin mai. Don gane saitin mai, ku duba launin fulogi: baƙi, mai ya yi yawa; fari, ya yi kaɗan; ruwan ƙasa, saiti ya yi daidai.