Abin da Ke Kan Furen Kuɓewa: Shiri na Musamman kan Ɗaukar Hoton Ƙwari da Furanni

 Yau ƙasa za mu duƙa, mu tattauna kan ɗaukar hoton ƙwari da furanni kusa-da-kusa, irin wanda masu sana'ar ke kira makro. Duk sabon shiga da tambaya ɗaya yake farawa: wace kyamara zan saya, kuma nawa take? A ganina tambayar ta yi gaggawar zuwa. Abin da ke sa hoton ƙwaro ya yi kyau, musamman a watannin farko na koyo, shi ne sanin halin ƙwaron kansa, wato yaushe yake zama, a ina yake sauka, kuma me ke razana shi. Wanda ya san wannan zai yi abin a-zo-a-gani da wayar da ke aljihunsa. Wanda bai sani ba, ko kyamarar miliyoyin naira aka danƙa masa, fuka-fuki masu dishi-dishi zai riƙa komawa gida da su.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin kyamara, domin hujjar daga can ta taso. A bayan gilashin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, wanda ake kira sensa. A manyan kyamarori faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Idan hoton ƙudan zuma mai tsawon milimita 12 ya faɗa kan wannan faranti da girmansa na zahiri, milimita 12 cif, to an kai matakin da ake cewa ɗaya-bisa-ɗaya, kuma nan ne makro na gaskiya ya fara. Sai dai kusantar tana da tsada. Duk yadda ka matsa kusa da abu, haka yankin da zai fito tar a hoton ke ƙara sirancewa. A matakin ɗaya-bisa-ɗaya, idan ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashin tana kan lamba 8, wannan yanki kusan milimita 1 ne kawai, bai kai kaurin ƙwayar gero ba. Abin nufi, idan idon fara ya fito tar, ƙafarta ta baya ta riga ta narke. Wannan dokar haske ce, kuma kuɗi ba sa sauya ta, domin gilashin da ya fi kowane tsada ma a ƙarƙashinta yake.

Daga wannan siririn yanki sauran wahalhalu suke fitowa, kowace tana jan 'yar uwarta. Idan ka matse ƙofar haske zuwa lamba 16 don yankin ya faɗaɗa, ka samu kusan milimita 2, amma hasken da ke shiga ya ragu ninki huɗu. Idan haske ya ragu, dole kyamara ta daɗe a buɗe, kuma a wannan ɗan lokacin rawar hannunka, da numfashinka, da iskar da ke kaɗa karan furen duk za su shiga hoton, ga shi kusantar ta ƙara musu girma. Idan kuma ka ce za ka matse ƙofar har ƙarshe, hasken da kansa zai fara watsewa a bakinta, hoton ya yi laushi. Ka ga ke nan mai ɗaukar hoto yana tsakanin abubuwa uku, saiti da motsi da haske, kuma hanya mafi arha ta samun sauƙinsu gaba ɗaya ita ce a sami abin ɗauka a zaune, a wurin da babu iska, cikin haske mai taushi.

To yaushe ƙwaro ke zama? A nan sani ke shigowa. Ƙwari ba sa riƙe ɗumin jikinsu kamar yadda mutum ko akuya ke yi, yawancinsu da zafin rana suka dogara. Malam-buɗe-littafi da yawa sai jikinsu ya kusa digiri 30 kafin su iya tashi sosai. Saboda haka daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, mazari da fara da rina suna maƙale a jikin ciyawa, wani lokaci raɓa na kwance a bayansu, kuma za ka iya matsawa har ka kusa taɓa su. A daidai wannan lokacin iska takan kwanta, rana kuma tana ƙasa, haskenta na zuwa ta gefe yana fito da gashin jikin ƙwaro da jijiyoyin ganye. Sa'a guda ke nan ta warware maka matsaloli uku ba tare da ka kashe sisi ba. A ƙasar Hausa lokacin da ya fi albarka shi ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da gonaki suka yi fure. Da rani kuwa sai a nufi fadama da lambuna, a kuma riƙa goge gilashi, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa hoton kusa.

Furanni ma suna da nasu agogon. Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya: na miji, da na mace mai ɗan ƙullutun 'ya a gindinsa. Ƙudan zuma dole ya yi zirga-zirga tsakaninsu kafin kabewa ta ƙullu. Furen kuɓewa, mai rawaya da jan ciki, kwana ɗaya ne rayuwarsa. Wanda ya san haka ba zai bi ƙudan zuma da gudu ba, zai zaɓi fure ɗaya mai kyau, ya gyara zamansa da saitinsa, ya jira baƙon ya zo da kansa. Mazari yana da ɗabi'ar komawa kan tsinken da ya tashi daga kai, don haka idan ya tashi, kada ka bi shi, tsaya a kan tsinken. Idon ƙwaro kuma ya ƙware wajen gano motsi, har na wasu mazari yana da ƙananan idanu kusan 30,000 a cikinsa. Motsin gaggawa da faɗawar inuwa su ne ke korarsa, shi ya sa ake matsawa sannu-sannu, ana kula kada inuwar mutum ko ta wayarsa ta rufe shi.

Sauran aikin na hannu ne, kuma a kwana kaɗan ake koyonsa. Ka sauko daidai da idon ƙwaron, domin hoton da aka ɗauka daga sama bayansa kawai yake nunawa. Ka sa saitin a kan ido, tunda nan mai kallo ke fara dubawa, kuma zai yafe dishi-dishin ƙafa amma ba zai yafe na ido ba. Ka daidaita bayan wayar da shimfiɗar jikin ƙwaron, ta yadda idan malam-buɗe-littafi ya naɗe fuka-fukinsa ka zo masa ta gefe, siririn yankin nan ya wadaci fiffiken gaba ɗaya. Maimakon ka bar kyamara tana neman saiti da kanta, ka kulle shi, ka riƙa matsawa gaba da baya da jikinka kaɗan-kaɗan, kana ɗauka da yawa a jere. Ƙwararru ma daga hotuna masu yawa suke tsintar ɗaya. Ka dafa gwiwar hannu a ƙasa ko a cinya, ko ka riƙe karan furen da hannun hagu ka jingina wayar a kan hannun, sai su yi motsi tare. Idan rana ta yi ƙarfi, farar takarda tsakaninta da furen za ta tausasa hasken, haka kuma ake yi wa fitilar kyamara, a sa mata farin abu mai shara-shara a gaba don kada jikin buzuzu mai sheƙi ya zama farin tabo.

Wani mai sauraro zai ce, Malam, wannan lallashin talaka ne kawai, ai kowa ya san kayan aiki suna da tasiri. Gaskiya ne suna da shi, kuma ba zan ɓoye ba. Gilashin makro mai milimita 100 yana barin ka tsaya kusan taƙi guda daga ƙwaro ka kuma cika hoton da shi, alhali waya sai ta kai santimita 2 zuwa 4, inda inuwarta ke faɗawa kan abin ɗauka. Ƙaramar kyamarar makro mai megafiksel 2 da ake liƙa wa wayoyi masu arha kuwa sau da yawa babbar kyamarar wayar ta fi ta, idan aka ɗan ja baya aka yanko hoton daga baya. Amma waya tana da nata rabon: da yake sensarta ƙarama ce, yankin da ke fitowa tar ya fi na babbar kyamara faɗi. Tarihi ma yana gefenmu. Karl Blossfeldt, malamin zane a birnin Balin na Jamus, da kyamarar da ya harhaɗa da hannunsa ya riƙa ƙara girman tsirrai har ninki 30, kuma littafinsa da ya fito a 1928 har yau ana koyar da shi. Abin da ya fi sauran mutane da shi, shi ne shekarun da ya yi yana ƙura wa toho da kara ido. Matakin gaba ma ba shi da tsada: ɗan gilashin da ake maƙala wa waya, ko zoben da ake sawa tsakanin kyamara da gilashinta, ko juya tsohon gilashi baibai. Can a ƙololuwa akwai irin aikin Levon Biss na Ingila, wanda a baje-kolinsa na 2016 ya haɗa hotuna kusan 8,000 don samar da hoton ƙwaro ɗaya, daga ƙwarin da ke ajiye a gidan tarihin halittu na jami'ar Oksfod. Wannan aikin ɗaki ne da matattun ƙwari, kuma ba daga nan ake farawa ba.

Wannan ya kawo mu ga wata shawara da ake yawan ba wa sababbin shiga, wai a kama ƙwaron a sa shi a firji ya sandare, ko a kashe shi a jera a kan ganye. Ban yarda da ita ba. Dalili na farko tausayi ne, domin rai ne da bai yi maka komai ba. Na biyu, hoton yakan tona asirin kansa: ƙafafu a naɗe, gashin baki a langaɓe, ƙwaro a kan ganyen da bai taɓa ci ba. Abin da ke ba hoton ƙwaro daraja shi ne aikin da aka kama shi yana yi, kamar ƙudan zuma da curin garin fure a ƙafafunsa na baya, ko ƙoƙi-ƙoƙi ya haɗa hannuwa yana jiran ganima, ko zanzaro yana ɗauke da taɓo zuwa ɗakinsa. Firji ba ya ba ka ko ɗaya daga cikinsu. Masu bincike da ke adana ƙwari don ilimi da dalilinsu, amma mai koyon hoto yana da sanyin asuba, wanda ke yin aikin ba tare da cutarwa ba.

Akwai kuma wanda zai ce babban mutum ya kwanta a ciyawa yana bin ƙuda, ai wannan rashin aikin yi ne. Amsarsa tana cikin gonar masara. A farkon shekarar 2016 aka fara ganin wata tsutsar masara daga nahiyar Amurka a Yammacin Afirka, ciki har da Najeriya, kuma cikin 'yan shekaru ta mamaye yawancin nahiyar Afirka. Daga nesa ba ta da bambanci da sauran tsutsotsi. Ana gane ta ne da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiyarta. Manomin da ya iya ɗaukar waɗannan alamomi tar ya tura wa malamin gona ta WhatsApp ya fi wanda zai yi ta kwatance da baki, domin gani ya kori ji. Haka ma ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi: 'ya'yansa suna da mummunar kama, amma su ne ke cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganyen wake, kuma wanda bai san su ba zai fesa musu magani ya kashe masu taimakonsa. Wani babban rahoton masana na duniya da ya fito a 2016 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona suna amfana da halittun da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, kuma ƙudajen zuma kaɗai sun haura nau'i 20,000. Manhajar iNaturalist tana karɓar irin waɗannan hotuna daga kowa, masana su taimaka da sunan halittar, kuma hoton da aka ɗauka a bayan gari a Zinder ko Gusau shaida ce ta cewa wannan halitta tana rayuwa a wurin a wannan rana.

Ga wanda zai fara gobe da safe, ina ba shi shawarar tumfafiya. Tana ko'ina a bakin hanya da kangon fili, ba ta damu da rani ba, furenta mai fari da shunayya yana da kauri, iska ba ta cika wasa da shi ba. A ƙarƙashin ganyenta akan sami wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya, wadda ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙin gefe, kuma ba ta sauri, za ta ba ka duk lokacin da kake so. A kiyaye farin ruwan tumfafiyar, domin yana yi wa ido illa sosai, a wanke hannu kafin a taɓa fuska. A duba ƙasa kafin a durƙusa saboda kunama da maciji, kada kuma a kusanci gidan rina ko amyar zuma.