Me Masu Injin CNC Ke Nema Daga Manhajojin Sassaƙa?

Injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, umarni yake bi. Kafinta zai zana ƙofa ko tambari a kwamfuta, sai manhaja irin VCarve ko Easel ta mayar da zanen zuwa G-code, wato jerin umarnin da ke nuna wa bakin injin inda zai bi da zurfin da zai ci. Manhaja in ta gaza, katako ne ke shan wahala, shi ya sa masu sana'ar ba sa gajiya da neman gyara.

Kan gaba a buƙatunsu akwai rage asara: manhajar ta jera guntayen aiki a kan filawud yadda ragowar ba za ta yi yawa ba. Sai batun kusurwa. Bakin injin zagayayye ne, ba ya fitar da kusurwar ciki mai kaifi, don haka haɗin katako biyu ba ya zama daram sai an ɗan ƙwaƙule lungun. Suna so manhajar ta riƙa yin hakan da kanta.

Mai shago a Kano kuwa, damuwarsa daban ce: in an ɗauke wuta, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yana kuma son manhajar da ba ta dogara da intanet ba, saɓanin Easel da ake buɗewa a burauza.