Ilimin Tafiyar Da Manyan Ayyuka: Darasin Ajaokuta Ga Ɗaliban Jami'a

A bakin kogin Kwara, a cikin Jihar Kogi, akwai wani makeken wuri da aka keɓe domin narkar da tama, wato ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta. A shekarar 1979 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniyar gina ta da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet, a 1980 kuma Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya aza harsashinta. An tsara cewa a matakin farko za ta riƙa fitar da ƙarfe tan miliyan 1.3 a kowace shekara. Ya zuwa 1994 an ba da rahoton cewa aikin ya kai kashi 98 cikin 100, amma duk da haka aka shiga shekarar 2024 ba a taɓa hura wutar babban tanderunta ba.

Dalilan wannan al'amari suna da yawa, kamar faɗuwar farashin man fetur, da sauyin gwamnatoci, da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. To, amma akwai wani dalili wanda ya fi shafar ɗalibai. Shi irin wannan tanderu, in aka hura shi ba a kashe shi sai bayan shekaru, saboda haka tilas ne tama da kwal da dutsen farar ƙasa su riƙa isowa dare da rana ba yankewa. Tamar kuwa tana Itakpe ne, kuma sai an tace ta kafin ta yi amfani. Kwal irin wanda tanderun ke bukata sai an kawo shi daga ƙasashen waje. Hanyar jirgin ƙasa da za ta haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri an fara ta a 1987, ba a buɗe ta duka ba sai a 2020. Ashe ke nan ana iya ƙare ginin ma'aikata, amma ta zauna shiru domin abin da take dogara da shi bai iso ba.

Sanin abin da ya kamata ya gabaci wani, da kuɗin da zai ci, da lokacin da zai ɗauka, shi ne ake kira ilimin tsarawa da tafiyar da manyan ayyuka. A da, akan ɗauka cewa duk injiniyan da ya daɗe a bakin aiki ya san shi. Yanzu kuwa fanni ne mai zaman kansa, kuma jami'o'in fasaha na Gwamnatin Tarayya da ke Owerri, da Akure, da Minna, waɗanda aka kafa a 1980 da 1981 da 1983 bi da bi, duk suna da sashen koyar da shi. Karatun digirin farko shekara biyar ne. Ɗalibi yakan fara da lissafi da kimiyya da ginshiƙan aikin injiniya, sa'an nan ya shiga ilimin tattalin arziki, da lissafin kuɗi, da dokokin kwangila, da yadda ake sayen kayan aiki.

Abu na farko da ake koya masa shi ne ya karkasa babban aiki gida-gida, har kowane ɗan ƙaramin aiki ya sami mai shi, da ranar farawa, da ranar gamawa. Ana zana wannan a kan wani jadawali da aka sa wa sunan Henry Gantt, wani injiniya Ba'amurke da ya rasu a 1919. Daga nan sai a koya masa wata dabara da kamfanin DuPont na Amurka ya fara aiki da ita wajen 1957, wato gano jerin ayyukan da ba su jure jinkiri ko na kwana ɗaya.

Ga misali, a ce za a kafa ma'aikatar casar shinkafa. Ginin zai ci wata 6, injunan da za a yi oda daga waje za su yi wata 10 kafin su iso, kakkafa su kuma wata 2. Wanda bai san tsari ba sai ya ce bari a gama gini tukuna kafin a yi odar injuna, aikinsa ya ci wata 18. Wanda ya yi karatun kuwa, ranar da aka fara haƙa harsashi ran nan zai aika da oda, ya gama cikin wata 12. Har ila yau ya san cewa ko magina sun makara da wata 4 ba a yi hasara ba, amma in jirgin ruwa ya makara da mako guda, to, buɗe ma'aikata ya ja baya da mako guda. A nan ne zai sa ido, domin kowane wata da ya wuce ruwan bashin banki yana hawa, ga shi ba a sayar da ko buhu ɗaya ba.

Bugu da ƙari, ana horar da shi ya rubuta tun da wuri dukan abin da zai iya ɓata aiki, kamar faɗuwar darajar Naira, ko rashin wutar lantarki, ko damina mai hana motoci shiga, ya kuma tanadi mafita ga kowanne. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kuma aji kaɗai ba ya yin gwani. Shi ya sa a shekara ta huɗu ake tura ɗalibai masana'antu na kimanin wata 6, ƙarƙashin shirin da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, mai hedkwata a Jos, yake kula da shi. A can ne ɗalibi zai ga cewa jadawali ba ya tuƙa mota, ba ya kuma lallashin ɗan kwangila. Dole ya iya zama da leburori da injiniyoyi da masu unguwannin da aka karɓi gonakin mutanensu. Mafi wuya duka shi ne ya iya duban shugabansa ya faɗa masa cewa ranar da aka yi wa jama'a alkawari ba za ta yiwu ba.

Saboda haka ya kamata iyaye da malaman sakandare su san da wannan fanni, su nuna wa yara masu ƙoƙari a lissafi hanyarsa. Ya kamata kuma masu masana'antu su buɗe ƙofa ga ɗaliban da ke neman wurin koyon aiki, gwamnatoci su ma su nemi shawarar waɗanda suka ƙware tun kafin a sa hannu a kan kwangila. Ƙasar nan ba ta gama gina madatsun ruwa da hanyoyin jirgi da masana'antu ba, kuma dukiyar jama'a ce za a zuba a cikinsu. Tun ran gini, tun ran zane.