Karin kumallon lokeshan: Ƙwan gwangwani ga masu shirin ɗaukar fim a Birnin Gwari

Daga wakilinmu a Kaduna

IDAN mai kallo ya ga jarumi da jaruma su na tafe cikin daji, rana ta ɗan ɗago, raɓa na kan ciyawa, abin da zai ce kawai shi ne hoton ya yi kyau. Ba zai san cewa kafin a samu wannan hasken sai da mutum ashirin ko talatin su ka bar makwancinsu tun kafin asuba ba, kuma da yawansu ko ruwan shayi bai ratsa maƙogwaronsu ba. Hasken safiya ba ya jiran kowa. Daga wajen shida da rabi zuwa tara ne kamaraman ke samun abin da ya ke so. Da zarar rana ta take, fuskoki sun fara maiƙo, mai kwalliya ta shiga uku, inuwa ta zauna a ƙarƙashin idon kowa.

To a nan ne rigimar abinci ta ke. A cikin gari abin da sauƙi, a tura yaro wurin mai shayi ya yo odar biredi da wainar ƙwai. A ƙauye ko bakin daji fa? Duk wanda ya taɓa zaman lokeshan ya san yadda ake yi: a fara aiki da yunwa, wajen sha ɗaya fuska ta fara ɗaurewa, jarumi ya manta layinsa sau uku, darakta ya hau faɗa, furodusa ya ɓuya a mota ya na bugun wayar mai abinci. Mai kula da walwalar 'yan wasa, wanda ake kira welfeya, shi ke shan zagin da ba nasa ba.

Dalilin da ya sa mu ka ɗauko maganar yanzu shi ne Birnin Gwari. Garin na yammacin Jihar Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120 daga cikin Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Tegina ta gangara Kudu. Duk daraktan da ya ga ƙasar nan sai yawunsa ya tsinke. Ga gandun dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ga duwatsu, ga ƙoramu, ga gonakin masara iya ganinka. Amma kowa ya san abin da ya faru da yankin. Shekara da shekaru 'yan bindiga su ka mayar da dajin gidansu, hanyar ta zama sai da rakiyar sojoji, a 2021 ma gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako a yankin. A Nuwamba 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je garin aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta daɗe a rufe. Wannan bai zama lasisin kutsawa daji da kamara ba, mu faɗi gaskiya. Duk furodusa mai hankali da zai nufi wajen sai ya fara bi ta fadar masarauta da jami'an tsaro, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya kuma tattara kayansa tun rana na sama. Ma'ana dai lokacin aiki ya ƙara gajarta. Wanda dole ya bar wuri da la'asar sakaliya ba shi da awa biyun da zai zubar wajen jiran a hura wuta a soya ƙwan mutum talatin ɗaya bayan ɗaya.

Haka su ma samarin garin da ke haɗa gajerun wasannin barkwanci da waya su na ɗorawa a YouTube da TikTok. Su ba su da welfeya, ba su da kasafin abinci. Wannan dabarar ta fi yi musu amfani a kan kowa.

MENENE ƘWAN GWANGWANI?

Ƙwai ne ake kaɗawa da kayan miya, a zuba a ƙananan gwangwanaye ko kofunan alala, a gasa kamar kek. Idan ya gasu sai a juye, ya fito dunƙule guda-guda, mutum ya riƙe a hannu ya ci ba faranti ba cokali. Turawan Amurka na yin nasu a farantin gashin kek mai ramuka goma sha biyu, su jera a firji su riƙa ɗauka kowace safiya kafin su tafi aiki. Kamfanin shayi da gahawa na Starbucks ma ya fara sayar da wani nau'insa a 2017. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don duk gidan da ake alala an san gwangwanin madara, duk wadda ta taɓa kek ɗin Sallah a tukunyar yashi ta riga ta iya rabin aikin.

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙwan gidan gona ɗaya na cika ƙaramin gwangwanin madara ɗaya idan an haɗa da kayan lambu. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, wato gwangwani 30. Idan kowa zai ci biyu da biredi da shayi, kiret biyu ya ishi mutum talatin. Ƙwai ya yi tsada, ba musu, a 2024 kiret ya haura naira 5,000 a garuruwa da dama, amma ka kwatanta da kuɗin hayar kamara da janareta na yinin da aka ɓata. Kuma a nan kayan lambu da dankali ne ke ƙara wa ƙwan auki, ba kamar soyi ba da mai ke shanye rabinsa.

A damina akwai wata garaɓasa. Lokacin ne zabi ke ƙwai, za ka gan shi a kwanuka a bakin hanya da kasuwannin ƙauye. Ƙwan zabi ya fi na gidan gona ƙanƙanta, don haka a lissafa uku a matsayin biyu. Ɓawonsa na da kauri, ya fi jure gargadar hanya, gwaiduwarsa kuma ta fi garɗi. Sai dai a kula, ƙwan da aka tsinto a daji ba a san kwanansa ba. A tsoma shi a ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama a jefar. Sannan a riƙa fasa kowane ɗaya a ɗan kofi daban kafin a juye cikin babbar roba, don baragurbi guda ɗaya ya isa ya lalata kiret.

YADDA AKE HAƊAWA

Mu ɗauki ƙwai 12. Ana buƙatar albasa babba ɗaya, tattasai biyu, attaruhu daidai bakin masu ci, karas ɗaya, lawashi kaɗan, gishiri, dunƙule biyu, da madarar ruwa kamar cokali huɗu na cin abinci. Mai hali ya ƙara kifin gwangwani, ko sauran naman kaza a yayyaga, ko dambun nama. Dafaffen dankalin Turawa da aka yanka ƙanana shi ke sa ya riƙe ciki har azahar.

Matakin da yawancin mutane ke tsallakewa, kuma shi ke raba mai kyau da mai ruwa-ruwa, shi ne soya kayan miyan tukuna. A yanka su ƙanana, a zuba mai cokali biyu a kasko, a soya sama-sama har ruwansu ya tsane, a sauke su huce. Idan aka zuba su ɗanye, a cikin gwangwani za su saki ruwa, washegari ka tarar da ƙwan ya na tsiyaya kamar soso. Tumatir kuwa ni dai shawarata a bar shi gaba ɗaya. Ruwansa ya yi yawa, kuma shi ke fara kawo tsami.

Sai a kaɗa ƙwan da madara da gishiri da dunƙule, daidai yadda fari da gwaiduwa za su haɗu. Kada a yi ta bugu har ya yi kumfa, don zai kumbura a wuta ya zo ya lotse. A shafe cikin gwangwanayen da mai ko bota sosai, har gefe-gefe, don ƙwai akwai kamu. A fara zuba kayan miyan a ƙasan kowanne, a bi da ruwan ƙwan, a bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na gwangwanin ba a cika ba.

Game da gwangwanin, a zaɓi wanda bai yi tsatsa ba, a cire takardar jikinsa, a danne bakinsa da bayan cokali don kada ya yanki mutum. Wanda zai riƙa yi a kai a kai gara ya sayi kofunan alala na silba a kasuwa, sun fi saukin wanki.

Mai oben ya sa wuta a digiri 180, minti 18 zuwa 22. Wanda ba shi da oben, kuma su ne mafi yawa, ya samu babbar tukunya mai kaurin gindi, ya zuba busasshen yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu, ya rufe ya ɗora kan gawayi minti goma sha biyar yashin ya ɗau zafi. Sai ya jera gwangwanayen a kai, ya rufe, ya ɗora 'yan garwashi a kan murfin don saman ya gasu. Wutar ƙasa ta zama kaɗan-kaɗan. Minti 20 zuwa 25 ya kan isa, amma kada a dogara da agogo kawai: a soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi. In an buɗe an ga sun yi tozo sannan su ka sauka bayan an fito da su, ba komai, haka ƙwai ya ke. A bar su minti biyar, a zagaya gefen da wuƙa, a kife.

Akwai masu turara shi kamar alala a madambaci. Shi ma ya na yi, ya fi laushi ma, sai dai ya fi riƙe danshi, don haka bai kai gasasshen jure tafiya ba.

INDA HAƊARIN YA KE

Nan fa ake yin ta. Bature na ajiye nasa kwana uku zuwa huɗu ne saboda firjinsa ba ya mutuwa. Mu da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, kwafar wannan lissafin kai tsaye ganganci ne. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma ƙa'idar masana ita ce dafaffen ƙwai kada ya wuce awa biyu a waje ba sanyi ba zafi. In zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A watan Maris da Afrilu kuwa ai tun hantsi an wuce nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gasa da daddare, a zuba da zafinsa a kular abinci, a rufe sai safiya. Kula ba ta riƙe zafi na gaske har tsawon dare. Zuwa tsakar dare abincin ya koma ɗumi-ɗumi, ga gumi ya taru a ciki, daidai yanayin da ƙwayar cuta ke so. Kuma ba lallai ne ya yi wari ba. Mutum zai ci da daɗinsa, bayan wasu awanni ciki ya murɗa, amai da gudawa su taso. Ka yi tunanin wannan ya samu mutum goma a lokaci ɗaya, a ƙauyen da asibiti ke da nisa, a hanyar da ba a son bi da dare. Shutin ya tashi, kuɗin furodusa ya tafi, wannan ma ƙaramin abu ne a kan lafiyar mutane.

Saboda haka hanya biyu ce. Idan akwai firji mai aiki, ko janareta zai kwana a kunne, a gasa da daddare, a baza su a faranti su huce da wuri, a sa a roba mai murfi a kai firji kafin awa biyu. Da asuba a ɗumama su a kasko ko a tukunyar yashin har tsakiyarsu ya yi tururi, a zuba a kula, a ci da isa lokeshan. In ba za a ɗumama ba, to su tafi a kular sanyi da ƙanƙara, kada a haɗa su da zafin bayan mota.

Idan babu firji, to rabin aikin kawai za a yi da dare: a wanke gwangwanaye a shafe su da mai, a gyara kayan miya a wanke a bar su ba a yanka ba, a tanadi gawayi da yashi, ƙwan kuma a bar shi a ɓawonsa, don a nan ya fi zama lafiya. Mutum biyu su tashi ƙarfe huɗu, ɗaya na yanka da suya, ɗaya na hura wuta. Babbar tukunya na ɗaukar gwangwani goma sha biyu zuwa sha biyar a zubi ɗaya. Da tukunya biyu, zubi biyu-biyu, kafin a idar da sallar asuba a loda kaya a mota an gama na mutum talatin. A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin safiya na ɗan ba da sarari, amma ko a lokacin kada a ajiye ragowa don cin rana. Wanda ya rage bayan ƙarfe tara a raba wa yaran da su ka zo kallo tun da sauran ɗuminsa.

Wani ƙaramin amfani da mai kula da sutura zai fi kowa gode masa: ba ya ɗiga. Duk mai kwantiniti ya san tashin hankalin da ɗigon manja ko miya ke jawowa a farar shaddar da jarumi ya riga ya fito da ita a sin uku, ga shi ba a zo da irinta biyu ba. Wannan kuwa a takarda za a naɗe wa kowa nasa, jaruma ta ci a tsanake ko bayan an gama mata kwalliya.

Shayin kuma a dafo shi tun daga masauki a manyan filas, da citta da kanumfari, sukari da madara a gefe kowa ya zuba nasa. A tafi da ruwan wanke hannu da sabulu a jarka daban da ta sha, sannan a ɗebi buhu guda don kwashe takardu da ledoji kafin a bar gonar mutane.