Ƙaramar Tirelar Kwanan Daji: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Saya

Mutumin Mubi bai saba zama wuri ɗaya ba. Daga unguwar Kolere kaɗai, akwai manomin da gonarsa ke nesa da gari, sai ya yi mako a can lokacin girbin masara da wake. Akwai ɗan kasuwar da ke bin ƙauyukan bakin iyakar Kamaru yana sayen shanun da za a kawo kasuwar tike, ga kuma ma'aikacin lafiya da ake turawa rigakafi ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mandara. Dukansu kwanan daji suke yi, inda babu wutar lantarki, babu famfo, yawanci a ƙarƙashin tamfol ko a cikin mota. Ƙaramar tirela mai taya biyu, wadda ake ɗaurawa a bayan mota, za ta iya rage musu wannan wahala, muddin an zaɓe ta da lissafi.

A Amurka abin ya daɗe. Tun shekarun 1930 Wally Byam ya fara ƙera tirelolin Airstream, har a 1959 ya jagoranci ayarinsu daga Kef Tawun zuwa Alƙahira. Sai dai masu irin waɗannan tirelolin yawon buɗe ido ne ya fitar da su, namu kuwa neman abinci ne. Don haka tirelar da ta dace da mu ita ce wadda mai walda a Mubi zai iya ƙerawa, bakanike a Maiha ko Michika ya iya gyarawa.

Abu na farko shi ne nauyi. Kowace mota akwai iyakar abin da za ta iya ja, kuma yana rubuce a littafinta. A Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta gaba ɗaya, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga mai gangarowa daga tudu. Yadda aka jera kayan ma yana da tasiri. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyi, ta yadda kimanin kashi 10 na nauyin tirelar zai danne ƙugiyar da ke haɗa ta da mota. Idan aka jibge kaya a baya, da an ƙara gudu sai ta fara lilo hagu da dama, ta ƙwace wa direba mota. A tabbatar tana da tsayi daga ƙasa saboda kwazazzabai, tayoyinta kuma su zama irin waɗanda ake samu a gari, in da hali daidai da na motar, domin sifiya ɗaya ta wadatar. A ƙara da sarƙar tsaro da fitilun baya.

Ruwa shi ne kayan da ya fi yaudarar mutane. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, don sha da girki da tsafta. Mutum biyu a kwana biyar ke nan lita 150, wato jarka shida masu cin lita 25, kilo 150 cif kafin a ɗora buhun shinkafa ko katifa. Wanda zai sauka kusa da rijiya ko kogin Yedzaram yana iya rage wannan kaya, da sharaɗin ya tafasa ruwan sha sosai ko ya sa masa sinadarin kulorin. A jera jarkokin a ƙasa, daidai saitin tayoyi, a ɗaure su tam.

Sai batun wuta, inda aka fi asarar kuɗi. Kafin a shiga shagon mai sola, a zauna a lissafa abin da za a kunna. Ƙwan fitila uku masu wat 5, na awa biyar, za su ci wat-awa 75. Ƙaramar fanka mai wat 15, ta kwana tana aiki awa takwas, 120 ke nan. Cajin waya huɗu kuma wajen 60. Jimilla 255. Farantin sola mai wat 100, a ranar da gari ya yi wasai, yakan ba da tsakanin 350 zuwa 400 bayan an cire asara, ya isa har da rara. Da an shigo da ƙaramin firiji kuwa, sai a ninka komai, domin shi kaɗai yakan ci fiye da sauran duka. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na dalma ne rabi kawai ake sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Na litiyam ya fi tsada, amma ana iya shan fiye da kashi 80 nasa, nauyinsa kuma bai kai rabin na dalma ba. Lokacin hunturu a riƙa goge farantin kullum, ƙura na tauye shi ƙwarai.

Gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci ya shafi numfashi. Kada a taɓa shigar da kurfotin gawayi cikin tirela don jin ɗumi, kada kuma a kunna janareta a bakin taga. Gubar da ke cikin iskar da suke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mai barci bai farka ba. A bar tagogi biyu masu raga suna fuskantar juna, a rataya gidan sauro.

Wurin sauka ma sai da shawara. Wanda ya ga yadda 'yan tada ƙayar baya suka mamaye Mubi a watan Oktoban 2014 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan tsaro. Ko aiki ya kai mutum, ko ziyarar Sukur da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ya fara gaida jauro ko ardon wurin, ya tambayi inda ya dace ya kwana. A guji kafa zango a cikin busasshen rafi, ruwan da aka yi a kan dutse yakan iso cikin dare ba sallama.

Shawarata ga mai niyya ita ce ya rubuta yawan mutane, yawan kwanaki, litar ruwa da wat ɗin wuta a takarda, sannan ya kai wa mai walda. Tirelar da ta fito daga wannan lissafi za ta zo ƙarama, mai sauƙin kuɗi, kuma motarsa za ta ja ta lafiya ta dawo da ita lafiya.