Masunta Hausawa a Jihar Gadarif ta Sudan

Gabatarwa

Jihar Gadarif tana gabashin Sudan, a kan iyaka da Habasha, kuma an fi saninta da noman dawa da riɗi. Ba ta da gaɓar teku, amma koguna uku da suka gangaro daga tsaunukan Habasha suna shayar da ita, wato Atbara da Sitit da Rahad. A bakin waɗannan koguna akwai ƙauyukan Hausawa waɗanda suke rayuwa da kamun kifi da noman lambu.

Asalin Mutanen

Akasarin mazauna ƙauyukan jikokin mahajjata ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suna yada zango suna neman guzuri, har zama ya kama su a hanya. Wasu kuma sun zo ne a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Da yake a cikinsu akwai masunta, sai suka zaɓi bakin ruwa, suka ci gaba da sana'ar gado.

Shekarar Masunci

Kogi ne yake tsara wa ƙauye aikinsa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa yakan zo da ƙarfi da laka, su ya yi wuya, sai magidanta su koma gona ko ƙwadago. Idan damina ta wuce ruwa yakan ja baya. Rahad ma yakan yanke gaba ɗaya da rani, ya bar gurabe inda kifi yake taruwa. A lokacin ne ake fita da birgi da mamari da kwalekwale, a kamo tarwaɗa da karfasa da kurungu. Gaɓar da ruwa ya bari da danshi, wadda Larabawan Sudan suke kira jarf, ita ce fadamarsu. Nan ake shuka tumatir da kuɓewa da albasa.

Busasshen Kifi da Manyan Gonaki

Ɗanyen kifi ba ya jure zafin Gadarif, hanyar kasuwa kuma da nisa. Saboda haka akan tsaga shi a shanya har ya bushe, a same shi da sunan kajek. Kasuwarsa tana manyan gonakin dawa da aka fara nomawa da injina a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. Dubban 'yan ƙwadago sukan zo cirar ciyawa da girbi, abincinsu kuma asida ce, wato tuwon dawa, da miyar kajek. Ke nan idan gona ta yi kyau, masunci ma ya samu.

Madatsun Ruwa

A 1964 aka kammala madatsar Hashmul Girba a kan Atbara, a jihar Kassala maƙwabciya. Ta samar da tafki mai kifi, amma wanke lakar tafkin da aka saba yi a watan Agusta yakan hallaka kifi mai yawa. A 2017 kuma aka buɗe tagwayen madatsu a kan Atbara da Sitit. Ruwa ya shanye ƙauyuka da fadamu, aka mai da jama'a sababbin matsugunai masu lamba a maimakon suna. Tafki mai zurfi yana bukatar babban jirgi da dogon taru, waɗanda ba kowane masunci yake da kuɗinsu ba.

Kammalawa

Arzikin irin wannan ƙauye yana kan ƙafa uku: kogi, fadama da ƙwadago. Madatsa ta taɓa biyu daga ciki, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya tsadantar da mai da sufuri, ya girgiza ta ukun.